Shuɗin Tik da Shirun da Ke Biyo Bayansa: Yadda Saƙon Waya Ke Juya Zumuncin Ɗalibi

Ƙarfe 11:40 na dare ɗaliba ta rubuta wa ƙawarta a WhatsApp: "Maganar ɗazu fa ba da wata manufa na yi ta ba." Tik ɗaya mai ruwan toka ya fito, ya zama biyu, bayan minti biyu suka koma shuɗi. A saman allo manhaja ta nuna ƙawar tana rubutu, can sai alamar ta ɓace. Shiru. Littafin jarrabawar gobe yana buɗe a gefenta amma idonta na kan waya. Kafin sha biyu ta gama ƙullawa a ranta cewa ƙawar ta yi fushi, har ta fara tuno wasu laifuffukan na bara. Ita kuwa waccan barci ne ya sace ta da wayar a hannu.

Irin wannan na faruwa sau babu adadi kowane dare, kuma ba rashin tarbiyya ko mugun hali ke jawo shi ba. Saƙon waya ya taɓa abu uku a cikin magana: ya sauya ma'anar shiru, ya cire murya, ya kuma mai da zance abin ajiyewa da kwafa. Kusan duk wata rigima ko kewa ko shashancin karatu da ɗalibi ke fama da shi ta hanyar waya, idan ka bi diddiginsa, a ɗaya daga cikin ukun nan za ka same shi.

Shiru ya zama magana

A hirar baki da baki mutane ba sa jira. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka fitar a 2009, wanda ya duba harsuna 10 daga sassan duniya, ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a matsakaici wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Da haka kunne ya saba tun yarinta. Idan ka tambayi mutum abu ya yi jim na daƙiƙa biyu, ka riga ka san akwai wata a ƙasa. Wannan sabon ne muke ɗauka mu shiga da shi hirar waya, inda amsa kan iya ɗaukar awa shida ba tare da wani dalili ba face lakca, ko ƙarewar caji, ko ƙarewar data.

Da can wanda ya aika saƙo bai san ko an buɗe saƙon ba, don haka uzuri yana da faɗi. A watan Nuwamba na 2014 WhatsApp ya kawo shuɗin tik, uzurin ya tsuke. Yana da kyau a san ainihin abin da alamomin ke faɗa, domin yawancin zargi daga rashin saninsu yake tasowa. Tik ɗaya yana nufin saƙo ya bar wayarka amma bai shiga ta wancan ba. Wayar na iya kasancewa a kashe, ko babu intanet, ko kuma an toshe ka, kuma daga tik ɗin kaɗai ba za ka iya bambancewa ba. Tik biyu masu ruwan toka suna nufin ya shiga wayar, ko da tana cikin jaka. Shuɗi yana nufin an buɗe shafin hirar, ba ya nufin an karanta da natsuwa. Wanda ya bar shafin a buɗe ya tashi, duk saƙon da ya shigo zai koma shuɗi nan take. A ɗaya ɓangaren kuma, mutum na iya karanta saƙonka kaf daga sanarwar da ke saukowa a saman allo, tik ɗin bai canza ba.

Ana iya kashe shuɗin tik a saitin sirri, sai dai wanda ya kashe shi ma ba zai ƙara ganin na wasu ba, kuma kashewar ba ta aiki a guruf. Haka ɓoye lokacin da aka gan ka na ƙarshe. Ga ɗalibin da ya lura yana yawan komawa duba ko an karanta saƙonsa, kashe su biyun sauƙi ne babba. Amma maganin da ya fi aiki bai kai kalma goma ba: "Na gani, ina aji, zan amsa miki da yamma." Wannan layin yana toshe ramin da zato ke faɗawa. Sharaɗinsa guda, idan yamma ta yi a amsa ɗin.

Murya ta fita, zato ya shigo

A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske wasu da gatse, wasu a rubuce wasu da murya. Masu aikawa sun yi tsammanin za a gane nufinsu daidai wa daida ta kowace hanya. Da murya an gane kusan uku cikin huɗu. A rubuce kuwa abin da aka gane bai wuce rabi da kaɗan ba, wato kusan canki-canka. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake bugawa, yana jin dariyar da ke ciki, sai ya ɗauka ta tafi tare da haruffan. Ba ta tafi ba. Mai karantawa zai sa wa kalmomin muryar da ke ransa a lokacin, idan a gajiye yake ko a fusace, da wannan muryar zai karanta.

Rubutun Hausa ya ƙara wa lamarin nauyi, domin ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Ya tafi" a rubuce na iya zama labari cewa mutum ya riga ya wuce, na iya zama umarni a ce masa ya kama gabansa. "Ka zo" na iya zama maraba, na iya zama kira. Ga haruffa masu ƙugiya da yawancin mutane ke tsallakewa don sauri, sai "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". A tsohon saƙon tes ma akwai dalilin kuɗi: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, tsarin ya sauya, iyakar ta faɗo 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. Sai kuma kalmar nan "To". A baki tana da fuska wajen goma: yarda, mamaki, gajiya, gargaɗi, sallama. A allo harafi biyu ce tak. Wani bincike da aka yi da ɗaliban Jami'ar Binghamton a Amurka ya gano cewa gajeriyar amsa da aka rufe da aya ana ganinta kamar ba ta kai zuci ba, alhali a takardar hannu ayar ba ta da wannan tasiri. Shi ya sa "To." ke iya kwana a ran mutum. Jan wasali da imoji da matasa ke yi, wanda manya kan ɗauka shirme ne, ƙoƙari ne na mai da muryar da rubutu ya cire, kuma yana taimakawa, sai dai bai kai ba.

Binciken da ya fi taɓa zuciya a wannan fage shi ne na Leslie Seltzer da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin. Sun sa 'yan mata 68, masu shekara 7 da rabi zuwa 12, su yi jawabi da lissafi a gaban baƙin fuska don hankalinsu ya tashi. Bayan haka aka raba su huɗu: wasu suka ga uwayensu ido da ido, wasu suka yi waya da su, wasu suka yi musayar saƙon rubutu da su, wasu ba su sami uwar ba sam. Waɗanda suka ga uwa da waɗanda suka ji muryarta, sinadarin oksitosin mai kawo natsuwa da shaƙuwa ya ƙaru a jikinsu, kotizol na tashin hankali ya sauka. Waɗanda suka yi rubutu kuwa, jikinsu ya kasance kamar na waɗanda ba su sami uwar ba. Kalmomin lallashi sun iso, amma jiki bai karɓe su a matsayin lallashi ba. Yara ƙanana aka gwada, don haka ba a miƙe sakamakon kai tsaye kan ɗan jami'a ba, amma duk ɗalibin da ya taɓa faɗuwa jarrabawa a nesa da gida ya san bambancin "Allah ya sa haka ne mafi alheri" a rubuce da jin sa daga bakin mahaifiya.

Abin da ke hana kiran sau da yawa tsoron nauyin baki ne, ana ganin zai zama wani iri. Amit Kumar da Epley sun gwada wannan ma: suka sa mutane su nemi tsohon aboki ta rubutu ko ta kira. Da yawa sun ce sun fi son rubutu don gudun jin kunya, amma waɗanda suka kira sun fi jin kusanci, kuma kunyar da suka yi tsoro ba ta fi ta masu rubutu ba. A aikace, idan saƙo ya kai uku ana bayanin abin da ake nufi da saƙon farko, a daina bugawa a kira. Ban haƙuri, labarin rashin lafiya ko rasuwa, da duk maganar da za ta iya raba mutum biyu, wurinsu murya ne ko ido da ido.

Saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013, ya tsaya a tsakiya. Yana dawo da sautin, kuma shi ne ya buɗe ƙofa ga iyayen da bugun haruffa ke yi wa wuya. Nauyinsa a kan mai sauraro yake: ba a iya duba shi da ido a tsallake, ba a iya sauraronsa a aji, kuma neman lambar ɗaki a cikin minti na huɗu na saƙo aiki ne. A taƙaita shi ƙasa da minti ɗaya, magana guda, sannan kwanan wata da lamba da sunan wuri a sa su a rubuce.

Abota: saƙo yana riƙewa, zama ne ke ginawa

Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya ƙididdige lokacin da abota ke ci, kuma cikin waɗanda ya bibiya har da sababbin ɗaliban jami'a. Wajen awa 50 na zama tare kafin sanayya ta zama abota sama-sama, wajen 90 kafin a kira mutum aboki, sama da 200 kafin ya zama amini. Ɗalibin shekarar farko da ke komawa ɗaki kowace yamma ya kwana yana hira da tsofaffin abokan sakandare yana samun sanyi a ransa, babu shakka, amma awannin da sababbin abokai ke buƙata ne yake kashewa. Zango ɗaya zai wuce, ya tarar an riga an kafa ƙungiyoyin karatu babu shi.

Su ma tsofaffin ba duka waya ke iya riƙewa ba. Sam Roberts da Robin Dunbar sun bi ɗalibai 25 a Ingila tsawon wata 18, daga ƙarshen sakandare zuwa abin da ya biyo baya. Kusancin abokai ya riƙa raguwa da zarar tuntuɓa ta ragu, na dangi kuwa ya jure. Sun kuma lura cewa yawan magana ya fi riƙe abotar mata, ta maza kuwa yin wani abu tare ne ke riƙe ta. Da ma an ce zumunta a ƙafa take. Dunbar ɗin dai shi ne mai lissafin nan cewa mutum yana iya riƙe alaƙa da kusan mutum 150, a cikinsu wajen 15 na kusa, wajen 5 na jiki. Guruf ɗin WhatsApp kuwa yanzu yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000. Manhaja ta faɗaɗa ƙofa, awannin rana suna nan 24. Ɗalibin da ke cikin guruf 30 zai iya wuni yana amsa saƙo, ya kwanta bai yi magana da ko ɗaya cikin biyar ɗinsa ba.

Wannan ba raina manyan guruf ba ne. Tun 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki da dama ya fi zuwa daga waɗanda aka sani sama-sama, domin aminai abin da ka sani shi suka sani. Sauyin ɗakin jarrabawa, tallafin karatu, tsofaffin takardun tambaya, daga irin waɗannan suke fitowa. Matsalar tana zuwa ne idan aka gwama sanarwa da surutu, saƙo 400 ya binne layi ɗaya da ke cewa an dawo da jarrabawa ƙarfe 8. Ajin da ya san abin da yake yi guruf biyu yake buɗewa: ɗaya a saita shi admin kaɗai ke iya turawa, ɗaya a bar shi na hira, kowa ya kashe masa ƙara yadda ya so.

Akwai wani ciwo da ba a cika faɗa ba. Daga babban guruf ake cire ƙarami, daga ƙaramin a cire wani, kuma wanda aka bari a baya yakan gane, ko ta hoton fita da ya gani a sitatus, ko ta dariyar da kowa ya fahimta ban da shi. Wariya tsohuwar aba ce, sabon abin shi ne yanzu tana da hoto da lokaci. Haka lissafin kwanaki na Snapchat, wanda ke ƙirga ranakun da mutum biyu suka yi musayar hoto ba fashi: yana sa a ci gaba da turawa ko babu abin faɗa, har a tura hoton bango don kada lamba ta karye.

Gida a cikin aljihu

Ga iyaye, wayar nan rahama ce, ɗa yana nesa amma ana jin ɗuriyarsa kullum. Sai dai abin da ke kwantar da hankali shi ne ke tayar da shi. Uba ya ga an ga ɗansa a intanet ƙarfe 2 na dare, ko uwa ta ga 'yarta ta sa sitatus alhali saƙonta na safe yana nan ba amsa. Ita ɗalibar kuwa tana jira ne ta sami natsuwar rubuta amsa mai ladabi, "Ina wuni Umma, ya gida, ya su Yaya," domin ba ta iya jefa wa mahaifiya amsar kalma ɗaya kamar ƙawa. Girmamawar ce ta jawo jinkirin, aka karanta shi raini.

Wata ɓarakar ita ce hirar gida ta koma ta buƙata zalla. Idan ɗalibi ya hau sama a shafin hirarsa da mahaifinsa ya ga kusan kowace gaisuwa roƙo ne ke biye da ita, to mahaifin ma ya lura. Abin da ke gyara duka biyun shi ne tsayayyen lokacin kira, sau ɗaya ko biyu a mako, minti 15 ma ya isa, wanda babu roƙon komai a cikinsa, tare da faɗa wa gida awannin da ake aji. Raba wurin da kake kai tsaye, wanda WhatsApp ke bayarwa na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, ya dace da ranar tafiya; idan ya zama na kullum yakan koya wa ɗalibi dabarar ɓuya ne kawai. Idan kuma babba ya turo labarin ƙarya ko maganin bogi a guruf ɗin dangi, gyara a gaban mutum 40 yakan kare gaskiya ya ɓata zumunci. A bi shi ta gefe: "Kawu, na duba wancan saƙon, ashe ba haka abin yake ba." Kamfanin WhatsApp da kansa ya san girman matsalar, shi ya sa a 2019 ya taƙaita turawa gaba zuwa hira 5 a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da aka yi ta yaɗawa ya koma hira 1.

Karatu da barci

A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida suka gano cewa ƙarar shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, tana ƙara kurakurai a aikin da ke son natsuwa, domin hankali ya riga ya tafi tambayar wane ne. Kife wayar a kan tebur tana girgiza bai wadatar ba. A sa ta a yanayin hana damuwa, ta koma jaka na minti 45 ko 50, a duba a hutu. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike 20 a kan yara da matasa sama da 125,000 ya nuna masu amfani da waya a shimfiɗa sun ninka sauran wajen fuskantar ƙarancin barci, alhali mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Uzurin da aka fi bayarwa shi ne kada gida su nema da gaggawa, kuma yana da mafita a saiti: a ware lambobin iyaye su riƙa shigowa, a kunna izinin maimaita kira, wanda ke barin kira na biyu ya shigo idan ya zo cikin minti 3 a iPhone ko minti 15 a yawancin Android.

Abin da aka rubuta ya zauna

Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ma ba ya iya karantawa a hanya. A Telegram wannan kullewar sai an buɗe hirar sirri da gangan. Amma kulle yana kare hanya ne kawai, ba ya hana wanda ka tura wa ɗaukar hoton allo. Gyara saƙo yana yiwuwa cikin minti 15, goge wa kowa cikin kusan kwana biyu, kuma dukansu suna barin alama. Hoton gani-sau-ɗaya ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Maganar da aka yi cikin fushi a baki takan dushe da kwanaki, ta rubuce kuwa tana nan da kwanan wata, a yanko layi biyu daga tsakiyarta a kai wa wanda bai ga farkonta ba. Magana zarar bunu ce tun asali, yanzu kuma ta sami ma'ajiya. Hoton da zai iya zubar da mutunci, ko sirrin wani da aka ba ka amana, kada su shiga waya ko da wa ake hira.

Amincin da ke tsakanin ɗalibi da danginsa shi ne kuma jarin 'yan damfara. Saƙo zai zo daga lambar ɗan aji da aka riga aka ƙwace: "Na tura maka wasu lambobi 6 bisa kuskure, don Allah turo min." Lambobin nan mabuɗin asusunka na WhatsApp ne. Da zarar ka bayar, an fitar da kai, kuma cikin mintuna za a fara rubuta wa iyaye da 'yan'uwa da sunanka cewa kana cikin matsala a turo kuɗi. Rigakafin bai kai minti biyu ba: a shiga saiti a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi lambar sirri mai alƙaluma 6, a haɗa da imel. Idan an riga an ƙwace, a sake yin rajista da lambar wayar. Shigar da sabuwar lambar da za ta zo ta tes yana fitar da ɓarawon nan take, ko da yake idan ya sa tasa lambar sirrin sai an jira kwana 7 kafin a shiga. Kafin a dawo da asusun, a kira gida da kiran waya na yau da kullum, a fara da wanda ya fi saurin tausayi, a gaya masa kada ya tura ko sisi sai ya ji muryarka ya kuma tambaye ka abin da ku biyu kaɗai kuka sani.